Hannun Mai Kibiya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka cire zaren. Ɗinki goma sha ɗaya, ina kallo likita yana tsinke su ɗaya bayan ɗaya. Matata ko motsi ba ta yi ba, ni ne na nemi kujera. Wannan littafin awon katako ne, shafukan baya babu komai, to bari in riƙa zuba abin da ke cina a ciki, tunda kafinta ba shi da abokin hira sai katako.

A unguwa Mai Kibiya suke ce mata, saboda kibiyar kitso ba ta barin kanta, ko kasuwa za ta tana soke a ɗankwali. Shekara goma sha shida tana kitso a barandarmu. Hannun dama ne ya yanke. Tabon ya taso daga gindin babban yatsa, ya ratsa tafin hannu a karkace, ya tsaya ƙarƙashin ƙaramin yatsa. Ja ne, ya ɗan taso, gefe da gefe ga ɗigo-ɗigon inda allura ta bi. Likita ya ce jijiya ba ta tsinke ba, an auna arziki. Ya ce ciwo ya rufe, ta fara motsa yatsun a hankali, bayan sati biyu mu je wajen Sista mai kula da hannu. Na ce to. A raina kuwa na ce wannan bawan Allah bai taɓa haɗa katako biyu ba.

Talata, 4 ga wata, da safe

Na sake share lungun da ke tsakanin ɗaki da kicin. Har yanzu akwai ɓarɓashin gilashi, biyu na tsinta a gindin bango.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu

Duk abin da ya rabu aka haɗa, matse shi ake yi a bar shi, ba a wasa da shi sai gam ya kama. Haka maigidana ya koya min, haka na shekara ashirin ina yi, kuma ko kujera ɗaya ba a taɓa dawo min da ita ba. Na duba tabon da safe, ya fi na Litinin ja. A ganina bai kama ba ke nan. Idan ta motsa shi ya buɗe fa?

Na je shago na zaɓi katako marar nauyi, na fafe shi daidai yadda hannunta yake kwanciya, yatsu a ɗan lanƙwashe. Na goge shi har ya yi santsi, na shimfiɗa soso, na yi masa maɗauri uku. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin aiki mai kyansa ba.

Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Baban Auta, likita cewa ya yi in motsa."

Na ce, "Likita ya ɗinka, ni zan ƙarasa. Sati biyu kawai."

Ta sa hannun a ciki. Tun ranar da gilashin ya yanke ta ba ta cika magana ba, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin yarda.

Asabar, 8 ga wata, da hantsi

Gwaggo ta sauko daga bene. Ƙanwar mahaifinta ce, a samanmu take zaune, kuma babu abin da ke wucewa a gidan nan ba ta sa baki ba. Ta juya katakon, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta ce, "Kai ɗan nan, saura ka sa masa ƙofa da makulli." Na yi dariya. Ni kaɗai na yi.

Mata uku sun zo kitso, sun yi sannu, sun juya. Ɗaya har da tambayar ko wacece ta iya a layin baya. Mai Kibiya da kanta ta kwatanta mata gidan, da hannun hagu.

Laraba, 12 ga wata, bayan azahar

Ƙaiƙayi ya dame ta. Tana goga katakon a gwiwa, tana cije leɓe. Na kwance na duba: tabon ya yi kauri, ya yi tauri kamar an binne igiya a ƙarƙashin fata. Na mayar na ɗaure.

Kitson da ke kan Auta shi ne wanda uwarta ta yi mata kafin ranar nan. Yau kusan sati huɗu ke nan, duk ya tashi ya yi buzu-buzu. Gwaggo ta ce a kai ta layin baya a gyara mata. Mai Kibiya ta ce, "'Yata ba za ta zauna a gaban wata ba ina raye." Auta shekararta takwas, kuma ta daina gudu a cikin gida. In za ta wuce lungun nan, bango take bi.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe uku

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun je wajen Sista. 'Yar gajeriya ce mai tabarau, ba ta ɓata baki. Ta ga katakon ta ce, "Wa ya ba ku wannan?" Na gyara tsayuwa na ce ni na yi. Ta kwance shi, ta ce wa matata ta buɗe hannu. Yatsun suka tsaya yadda na fafe katakon, kamar tana riƙe da ƙwai. Ta ce ta dunƙule. Suka tsaya a nan ɗin dai. Mai Kibiya ta yi ta yi har gumi ya tsatso mata a goshi, babban yatsa ya ƙi kai wa manuniya.

Sista ta cire tabarau. Ta ce, "Malam, sana'arka?"

Na ce kafinta.

Ta ce, "Na gani. To ka ji, katako in ya haɗu ya gama. Fata in ta haɗu, a lokacin ta fara. Tabo yana janyewa, yana manne wa abin da ke ƙarƙashinsa, in ba a motsa shi ba sai ya riƙe yatsun a inda ya same su. Jan da ka gani ba buɗewa zai yi ba, jini ne ke aikinsa. Haka sabon tabo yake: ja, kauri, ƙaiƙayi. Zai ma ƙara kafin ya ragu."

Matata ta tambaye ta abu ɗaya kawai. "Sista, zan sake kitso?"

Sista ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce, "An ɓata sati biyu masu muhimmanci. Amma tabon sabo ne, yana jin magana. In kika yi abin da na ce, ina da kyakkyawan zato. Alkawari ne ba zan yi ba."

Ta nuna mana: basilin kaɗan, a danna da babban yatsa har wurin ya ɗan yi fari, a murza a zagaye, a tura gaba, a tura gefe, minti biyar, sau uku a rana. Sannan buɗewa da rufewa, sau goma-goma. Kada a sosa, kada a bar shi a rana don yana baƙi, kada a shafa duk abin da maƙwabta suka kawo. Ta ba mu wata 'yar roba mai laushi da ake mannawa a kai in za a kwanta.

Katakon kuma ta miƙo min da yatsu biyu. Ta ce aikin ya yi kyau. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Talata, 18 ga wata, da safe

Sau biyu ke nan ina cutar da ita. Hannu ɗaya, mutum ɗaya, sau biyu.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar

Ita take murza abinta da hagu. Na ɗauko basilin na zauna kusa, ta ce, "Bar shi, na iya." Ba ta iya ba. Hagunta ba shi da ƙarfi, shafawa kawai take yi kamar mai lallashin jariri. Na gani. Da wane bakin zan gyara mata?

Na je shago. Kabad ɗin da gilashinsa ya fashe a lungunmu yana nan a kusurwa, ƙofa ɗaya babu gilashi. Mai shi ya aiko sau biyu. Na juya fuskarsa bango na yi aikin benci.

Asabar, 22 ga wata, da hantsi

Gwaggo ta kawo wani baƙin mai a kwalba, wai na wata ƙawarta ne, kwana uku yake share tabo. Mai Kibiya ta karɓa ta yi godiya, ta ajiye a saman firji. Da Gwaggo ta hau bene sai ta ce min, "An yi min na kafinta, saura na Gwaggo." Ba dariya ta yi ba, amma gefen bakinta ya motsa. Ni dai na karɓa, ko a kaina aka yi.

Na gwada yi wa Auta kitso da kaina, bayan Gwaggo ta tsefe mata ta wanke. Mutumin da ke haɗa kusurwa huɗu ba tare da ƙusa ba, gashi kashi uku ya gagare shi. Auta ta duba madubi ta ce, "Abba, kamar igiyar shanya." Uwarta tana daga ƙofa tana kallo, yatsun hagunta suna motsi su kaɗai a kan zaninta. Daga ƙarshe muka ɗaure gashin gida biyu, muka rufe da ɗankwali.

Litinin, 24 ga wata, bayan mun dawo

Sista ta danna tabon, ta girgiza kai. Ta ce ba a shiga ciki, sama-sama ake yi. Ta dube ni ta ce, "Kai da wannan hannun naka me kake jira?" Ta kama babban yatsana ta shafa, ta yamutsa fuska. "Kai, wannan ai sai ya sake yanka ta."

Da na koma shago na ɗauko sanfefa mafi laushi, wadda nake gama teburin amare da ita, na zauna na goge kantar yatsuna. Maƙerin da ke kusa da ni ya leƙo ya ce, "Lafiya? Fenti za ka yi musu?" Na ce eh, kala biyu. Na jiƙa su a ruwan ɗumi, na shafa mai. Shekara ashirin na tara kantar nan, na kashe ta a yini ɗaya.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na nuna mata yatsun. Ta shafa, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ɗora hannunta a gwiwata, tafin yana sama, ta kau da kai.

Tabon yana da zafi-zafi a ƙarƙashin yatsa, kuma ba ko'ina yake da tauri ɗaya ba. Kusa da babban yatsa akwai wani ƙulli kamar ƙwayar wake, nan ne ya riƙe. Na danna. Ta ja numfashi ta haƙora. Na sassauta, ta ce, "Danna mana. In za ka yi, ka yi."

Minti biyar. Ban taɓa sanin minti biyar yana da tsawo haka ba.

Juma'a, 28 ga wata, da yamma

Na samo wata dabara, kuma wannan karon sai da na tambayi Sista kafin in yi. Ta ɗora hannu a kan allo, ta buɗe iya ƙarfinta, in zana gefen yatsun da fensir. Na Talata da na yau, bambancin bai fi kaurin layin fensir ɗin ba. Na nuna mata ina murna. Ta ce, "Wannan kake wa murna?" Na ce a sana'armu kaurin fensir shi ke sa ƙofa ta rufu ko ta ƙi.

Litinin, 1 ga sabon wata, ƙarfe biyu

Rana marar daɗi. Kofin shayi ya suɓuce mata ya fashe. Auta na jin ƙarar ta toshe kunne ta tsuguna a inda take. Mai Kibiya ta rungume ta da hannu ɗaya tana cewa, "Kofi ne, Auta, kofi ne kawai. Ke ba ki yi komai ba, ranar nan ma ba ki yi komai ba." Ni na kwashe fasassun. Na ƙware a wannan.

Ta ƙi murzar rana. Ta zare kibiyar daga ɗankwali ta jefa a aljihun tebur.

Talata, 2 ga wata, da safe

Ta ƙi ta safe ma.

Talata, ƙarfe biyar

Na zauna da basilin a hannu na ce ba zan tashi ba. Ta bar ni kusan rabin awa, sannan ta miƙo.

Ina murzawa, kaina a ƙasa, na ce, "Maman Auta, gilashin nan…"

Ta ce, "Sau uku."

Na ce na sani.

"Sau uku na ce ka ɗauke shi daga lungun nan, akwai yarinya a gida. Ka ce gobe."

Na ce na sani.

"Ba ka sani ba. Kai kana tsammanin don hannun nake fushi. Hannun ni na kai shi na tare gilashin kada ya faɗa wa Auta, kuma ko yau aka sake zan kai shi. Abin da ke ci min rai shi ne, ban taɓa faɗa maka abu ka ji ba sai ya zama ciwo. Na ce likita ya ce in motsa, ka ce kai za ka ƙarasa."

Na ce ta yafe min. Hawayena ya ɗiga a tafin hannunta, abin kunya, gardi da ni. Ta bar shi ya ɗiga. Can ta ce, "Ka tsaya da murzar. Sista ta ce minti biyar, biyu ka yi."

Na ci gaba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma janye hannun ba.

Alhamis, 4 ga wata, da safe

Babban yatsa ya taɓa manuniya. Taɓawa kawai, ba riƙo. Ina banɗaki ta kira ni in zo in gani, na fito da kumfa a fuska.

Lahadi, 7 ga wata, bayan la'asar

Tabon ya fara sauya kama. Jan ya ja baya, ya koma ruwan ƙasa mai duhu, yana ɗan sheƙi. Ɗigo-ɗigon allura sun kusa ɓacewa. Ƙullin nan ya ragu, in na tura shi yanzu yana tafiya da fata, da kuwa kamar an kafa shi da ƙusa. Ƙaiƙayin ma ya yi sauƙi, in ya taso sai ta danna da tsumma mai sanyi maimakon sosa.

Ta tambaye ni ko zai ɓace gaba ɗaya. Na ce Sista ta ce a'a, zai yi laushi, ya kwanta, ya dushe, amma sai an shekara ko fiye, kuma layin zai zauna. Ta juya hannun a haske ta ce, "Ya zauna. Ni ba kallon tafina ake zuwa yi ba."

Na ɗaure mata zaren ulu uku a jikin ƙusa a bangon baranda. Ita ta ce in yi, ba ni na ƙirƙiro ba. Tana kitsa su tana warwarewa. A hankali, kamar mai koyo.

Laraba, 10 ga wata, da hantsi

Gwaggo ta sauko da kujerarta, ta zauna a baranda ta tuɓe ɗankwali. Gashin nata duka-duka bai cika tafin hannu ba, fari fat. Ta ce, "Ulu ba ya cewa wayyo. Ga kai, ki koya a kansa. In kin ɓata babu mai gani sai Allah."

Mai Kibiya ta aiki Auta ta ɗauko mata kibiyar daga aljihun tebur. Ta tsaga layi, tsagar ta fita sak, wannan kam hannun bai manta ba. Kitson ne ya ƙi kamawa. Ta yi rabin layi, ya warware kafin ta kai ƙeya. Ta sake, ya sake warwarewa. Hannun ya gaji, ta ajiye.

Gwaggo ta shafa kanta ta ce, "Ba laifinki ba ne, gashin ne ya yi ritaya." Suka yi dariya su biyu. Da Gwaggo ta tafi, matata ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Na tsaya a waje da basilin har ta buɗe.

Litinin, 15 ga wata, ƙarfe huɗu

Sista ta ga allona, layin fensir bakwai, kowanne ya ɗan wuce na baya. Ta sa ta dunƙule, yatsu uku sun taɓa tafi, ƙaramin ne ya rage. Ta ce buɗewa ta samu, saura ƙarfin riƙo, kuma shi ne ba ta san iya inda zai kai ba. Ta ba ta maƙalen shanya ta riƙa matsawa da yatsu biyu. Ni kuma ta ce kada in kuskura in sassaƙa mata wani. Na ce na tuba.

Na kai kabad ɗin nan ga mai shi. Na sa masa ƙofar katako, na ce in bai so ba ya nemi wani ya sa gilashin. Ya ce haka ma ya yi.

Asabar, 20 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Bayan murzar safe ta ce wa Auta, "Ɗauko mataji, ki zo ki zauna." Auta ta dube ni. Na ɗauki guduma na shiga gyaran ƙafar wani benci da babu abin da ya same ta, don in samu dalilin zama a baranda.

Ta tsaga kan gida takwas. Layin farko ya ci kusan rabin awa, ya karkace, amma ya kai ƙeya bai warware ba. Ta tsaya ta yarfe hannun, ta buɗe ta rufe, ta kama na biyu. Auta ta zauna ƙiƙam, ko numfashi da dabara take yi, ita da a da sai an riƙe ta.

A tsakiyar layi na uku Auta ta noƙe kai.

"Umma, zafi. Kina ja min."

Hannun ya tsaya a cikin gashin. Mai Kibiya ta ce, "Me kika ce?"

"Kina ja da ƙarfi."

Ta ɗago ta dube ni. Na ajiye gudumar. Idonta ya ciko, ta goge shi da kafaɗa ba ta saki gashin ba. Sannan ta ɗan ƙwanƙwashi Auta da bayan mataji.

"Zauna daidai, malama. Saura layi biyar."